Takardar Kamu Ba Ta Zuwa da Lambar Asusu

Ana idar da sallar la'asar wayar wani maƙwabcina mai shagon hatsi ta yi ƙara. Mai kiran ya ambaci cikakken sunansa, ya ce shi jami'in EFCC ne, wai kuɗin sata sun bi ta asusunsa, kotu ta ba da izinin kama shi. Bai gama salati ba takarda ta faɗo ta WhatsApp, ga tambarin hukuma, ga jan hatimi. "Alhaji, mutuncinka muke dubawa. Ka turo wani abu kafin magariba a rufe fayil, kuma kada kowa ya ji." Har ya nufi wajen mai POS, ɗansa ya tare shi a ƙofa.

Abin da ya fi girgiza shi shi ne sanin sunansa. To, lambar asusunsa tana manne a bangon shago tare da ta waya. Duk wanda ya danna lambar asusun kamar zai tura kuɗi, sunan zai fito masa.

Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta fayyace takardar kamu: alƙali ko majistare ne ke sa mata hannu, da kwanan wata, da sunan wanda ake nema, da laifin da ake zargi. Umarni ne a kawo mutum gaban kotu, don haka babu kuɗin da ke soke ta ta waya. Dokar ta kuma hana kama wani a madadin wani, don haka barazanar "za mu ɗauke matarka" ba ta da tushe. Beli kansa a caji ofis kyauta ne a doka, ko da yake mun san yadda ake yi.

Jarin ɗan damfara gaggawa ce da kunya, shi ya sa yake hana ka shawara. Tambaye shi sunansa, ofishinsa, da kotun da ta ba da takardar, sannan ka katse. Kada ka kira lambar da ke jikin takardar, tasa ce. Ka taka da ƙafarka zuwa ofishin hukumar ko wajen DPO, da lauya ko wani dattijo. BVN da lambar sirrin kati kuwa, kada ka karanta wa kowa a waya.

Idan kuɗin sun riga sun fita, garzaya banki a ranar, da shaidar turawar da saƙonnin. Kada haushi ya sa ka goge su.