Kwamfuta ta yi shiru: mi za mu yi?

A yau akwai gidaje da dama a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai masu kwamfuta, wadda wasu ke ce ma ordinatar. Da ita ake sauraren karatu da labaru. Da ita yara ke kallon darasi. Da ita ake jin muryar ɗan uwa da ya tafi ci-rani. Sai wata rana a kunna ta, hoto na motsi, bakin mutum na motsi, amma ba a jin komi.

Nan da nan maigida sai ya ce ta lalace, ya ɗauke ta sai wurin mai gyara. Wani mai gyaran kuwa ba ya tsayawa bincike. Sai ya wanke ta gaba ɗaya, abin da suke ce ma formate. Kuɗi sun tafi, hotunan biki da takardun yara su ma sun tafi. Alhali sau da yawa ciwon ƙarami ne, ana iya maganin shi a gida.

Ta ina murya ke bi?

Kafin murya ta iso kunnenmu, abu uku ke aiki tare.

Na farko, amsa-kuwwa ko abin sawa a kunne. Shi ne bakin kwamfuta.

Na biyu, wani ɗan ƙaramin abu ne da ke manne a cikin kwamfuta. Ana ce mashi katin murya. Shi ne maƙogwaro. A kwamfutoci da yawa, wani kamfanin ƙasar Taiwan mai suna Realtek ne ya ƙera shi.

Na uku ba a ganin shi, ba a taɓa shi da hannu. Wani rubutaccen umurni ne da ake zubawa cikin kwamfuta. Da Faransanci sunan shi pilote. Mu kira shi tafinta, domin aikin tafinta yake yi. Windows, wato babban tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, ba ya jin yaren katin murya. Tafinta ne ke tsakaninsu. In Bahaushe ya je likita, malamin ba ya jin Hausa, kuma ba tafinta, ai kowa lafiya lau da kunnen shi, amma magana ba ta wucewa. Haka nan kwamfuta: in tafinta ya ɓata, kati lafiya, amsa-kuwwa lafiya, amma shiru.

Mi ke ɓatar da tafinta? Wanke kwamfuta, ko sake ma ta sabon Windows. Wani lokaci kuma wuta ce ke ɗaukewa tana cikin sabunta kanta.

Mu fara da mai sauƙi

Kar mu yi gaugawar zargin tafinta. Mu duba waɗannan tukuna:

1. Ƙarfin murya. A ƙasan allo, hannun dama, kusa da agogo, akwai ɗan hoton amsa-kuwwa. Ku danna shi. Watakila yaro ne ya rage muryar ko ya kashe ta.

2. Wuta da igiya. In amsa-kuwwar ta waje ce, ku duba ko tana kunne. A bayan babbar kwamfuta ta tebur akwai ƙananan ramuka masu launi. Koren rami shi ne na amsa-kuwwa. Mai ruwan hoda na abin magana ne. Shuɗi na shigar da murya ne daga wata na'ura. In igiya ta shiga ramin da ba nata ba, ba za a ji komi ba.

3. Ƙura. Lokacin hunturu ƙura na shiga ramin. Ku kashe kwamfuta, ku hura shi. Kar ku cusa allura ko wani ƙarfe.

4. Inda murya ke zuwa. In an taɓa haɗa kwamfuta da talabijin, ko da abin sawa a kunne maras igiya, tana iya ci gaba da aika murya can. A wurin ɗan hoton nan ne ake zaɓen inda za ta fita.

5. Ku gwada amsa-kuwwar a jikin salula. In can ma shiru ne, to ita ce ta mutu, kwamfuta ba ta da laifi.

Bayan haka ku kashe kwamfuta ku sake kunna ta. Wannan kaɗai yana warkar da ciwo da yawa.

Yanda ake duba tafinta

In duk an yi wannan ba a dace ba, balle in akwai jar alama bisa ɗan hoton amsa-kuwwa, to sai mu nemi tafinta. Hanyar ɗaya ce a Windows 10, da ya fito a 2015, da Windows 11, da ya fito a 2021.

Ku riƙe maɓallin da ke da hoton taga, ku danna harafin X. Jerin sunaye zai fito. In kwamfutar da Faransanci take, ku nemi inda aka rubuta Gestionnaire de périphériques. Ba dole sai kun iya Faransanci ba. Ku kwafe kalmomin a takarda, ku bi su harafi harafi, yanda muke yi a aji. In da Ingilishi take, kamar waɗanda ke zuwa daga Najeriya, rubutun ne ya bambanta, alamomin iri ɗaya ne.

A ciki ku buɗe layin Contrôleurs audio, vidéo et jeu. Nan sunan katin murya yake. In kun ga ɗan hoto mai kusurwa uku, ruwan ɗorawa, a jikin sunan, to tafinta ba shi da lafiya. In babu shi sam, katin yakan fito a layin Autres périphériques da wannan alamar.

Ku ɗora kibiya bisa sunan, ku danna maɓallin dama na ɓera. Ku zaɓi Mettre à jour le pilote, ku bar kwamfuta ta nema da kanta. In bai yi ba, ku koma ku zaɓi Désinstaller l'appareil. Kar ku taɓa ɗan akwatin da ke tambaya ko a goge tafintan. Sannan ku kashe ta ku kunna. Sau da yawa Windows na maida tafinta da kanshi.

In tafinta bai samu ba

Ku juya kwamfutar ku duba ƙarƙashinta ko gefenta. Akwai ƴar takarda manne mai sunan kamfani, kamar HP, Dell ko Lenovo, da lambar samfurin. Ku rubuta su daidai. Da wannan lambar ake samun tafinta a shafin kamfanin na intanet, kuma kyauta ne. In ba ku da intanet a gida, wani na iya ɗauko maku shi a kile.

Hattara: akwai shafuna masu alkawarin gyara komi da dannawa ɗaya. Wasu kuɗi suke nema, wasu cuta suke sa ma kwamfuta. Ku tsaya ga shafin kamfanin da ya ƙera ta.

Yaushe za a je wurin mai gyara?

In an sa tafinta na ƙwarai kuma har yanzu shiru, watakila katin ne ya mutu. Ko a nan ba a yada kwamfuta. Akwai ɗan katin murya na waje da ake sawa a ramin kile.

Kafin ku kai ta, ku kwashe hotunanku da takardunku a kile. Ku gaya ma mai gyara abin da kuka riga kuka gwada. Ku ce mashi: «Malam, dan Allah kar ka wanke ta sai ka shaida mani.» In wankin ya zama dole, kar ku bar shagon sai kun ji muryarta da kunnenku. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku ne ke aiki kafin mu ji murya?
2. Mine ne aikin tafinta?
3. Wane launi ne ramin amsa-kuwwa?
4. Mi ya kamata mu yi kafin mu kai kwamfuta wurin mai gyara?