Abin Da Za Mu Koya Daga Gudun Abebe Bikila

Cikin wasannin guje-guje duka babu mai wuya kamar wanda Turawa ke kira Maraton, mu kuwa mu kan ce gudun ya-da-ƙanin-wani. Tsawonsa mil 26 ne da yadi 385, watau kilomita 42 da 'yan kai, tafiyar yini guda ke nan ga matafiyi a ƙasa. An samo sunan daga wani gari na ƙasar Girka, inda Girkawa suka ci Farisawa da yaƙi shekara 490 kafin haihuwar Annabi Isa. An ce wani manzo ne ya taso daga can a guje ya kai albishir birnin Atina, yana rufe baki ya faɗi matacce. Da aka farfaɗo da wasannin Olimfik a 1896 sai aka sa wannan tsere a ciki don tunawa da shi.

To, ina wuyar take? Ga yadda abin yake. Jikin mutum ya kan tanadi wani irin sukari cikin tsoka da hanta, shi ne itacen da ya ke hura wuta da shi sa'ad da a ke gudu. Wannan tanadi ba shi da yawa, galibi ya kan ƙare wajen mil 20. Daga nan sai jiki ya koma ga kitse, shi kuwa kitse ba ya ba da ƙarfi da sauri. Nan ne ƙafafu ke yin nauyi kamar an ɗaura musu dutse. Wanda ya fara da gaggawa ya kan cinye guzurinsa tun da sauran tafiya. Saboda haka tseren nan ba na mai sauri kaɗai ba ne, na wanda ya san yadda zai raba ƙarfinsa ne har ya kai shi gida.

Babu wanda ya nuna wannan sarai kamar Abebe Bikila, mutumin Habasha. An haife shi a 1932, ya shiga cikin sojan da ke tsaron Sarki Haile Selassie. A can wani malamin wasanni daga ƙasar Suwidin, mai suna Onni Niskanen, ya lura da shi, ya shiga koya masa. Suka yi ta fama bisa tuddan Habasha, inda iska ba ta da kauri, numfashi kuwa sai da ƙyar.

A 1960 aka yi wasannin Olimfik a birnin Rum. Takalman da Abebe ya samu ba su yi masa daidai ba, sai ya ajiye su ya shiga tsere ƙafa ba takalmi, yadda ya saba a gida. Mutane kaɗan ne suka taɓa jin sunansa. Bai yi ɗokin wucewa gaba ba tun daga farko. Ya bi a hankali har ya riski na gaba, daga baya suka rage su biyu, shi da Rhadi na ƙasar Maroko. A bakin hanya akwai wani dogon ginshiƙin dutse wanda Italiyawa suka ɗauko daga Aksum ta Habasha a 1937. An ce tun kafin ranar Abebe da malaminsa sun zaga hanyar, sun shirya a wurin dutsen nan ne zai saki sauran ƙarfinsa. Haka kuwa ya yi. Ya gama cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16, ya zama baƙar fata na farko daga Afirka da ya ci lambar zinariya a Olimfik.

Mu duba abu biyu a nan. Na farko, nasarar da aka gani a Rum cikin awa biyu, a kan tuddan Habasha aka yi ta, sa'ad da babu mai kallo, babu mai tafi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗalibin da ya ke so ya ci babbar jarrabawa, ko mai son ya koyi wani harshe, ko ya rubuta littafi, ko ya gina gida, ya sani awa guda ta kowace rana ita ce aikin. Karatun dare uku a jere ana gobe jarrabawa daidai ya ke da gudun wanda ya cinye guzurinsa tun a mil na biyar. Na biyu, Abebe bai ɗauki mil 26 a ka gaba ɗaya ba, ya kafa wa kansa alama a hanya. Kai ma in ka sa babban abu gaba, yanka shi gunduwa-gunduwa, ka san inda ya kamata ka kai a ƙarshen wata, da inda za ka ƙara himma.

Labarin bai ƙare nan ba. A 1964, saura ƙasa da mako shida a yi tseren Tokiyo ta Japan, likitoci suka yi masa aiki a ciki. Ya warke, ya je, wannan karo da takalmi, ya ci cikin awa 2 da minti 12 da daƙiƙa 11, ya ba na biyu ratar fiye da minti huɗu. Kafinsa ba wanda ya taɓa cin wannan tsere sau biyu a Olimfik. Mako shida ba su isa a shirya irin wannan gudu ba, aikin shekarun baya ne ya ɗauke shi. Watau wanda ya daɗe yana ƙoƙari, ko ciwo ko wata matsala ta tsai da shi 'yan kwanaki, abin da ya tara bai zube ba.

Amma fa kada a ɗauka ƙoƙari kullum ya kan biya yadda a ke so. A 1968, a birnin Meziko, ciwon ƙafa ya fid da Abebe tun bai kai rabin hanya ba, ɗan ƙasarsu Mamo Wolde ya ci. A 1969 kuma ya yi haɗarin mota, ƙafafunsa suka shanye, bai sake takawa ba. Duk da haka bai naɗe hannu ba, ya koyi harbin baka daga kan keken guragu, har ya shiga gasa a Ingila a 1970. Ya rasu a 1973 yana da shekara 41.

Jama'a, kowane babban aiki yana da nasa mil na 20, lokacin da ɗokin farko ya ƙare, ƙarshe kuwa bai bayyana ba tukuna. Nan mafi yawa su ke zubar da kaya, suna tsammani ba su iya ba, alhali kuwa kowa ma a nan ya ke jin jiki. In ka iso wurin, rage sauri in ya zama dole, amma kada ka zauna. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.