Sayen Gida a Tsohuwar Unguwa ta Ingila

Ran nan a darasin tarihi malaminmu ya nuna mana hoton wata unguwa a birnin Bath na Ingila, sunanta Royal Crescent. Gidaje 30 ne manne da juna, sun lanƙwasa kamar jinjirin wata. An fara gininsu a 1767, har yau kuwa mutane na zaune ciki. Na tambaya, shin mai kuɗi na iya sayen ɗaya? Malam ya ce i, amma da sharaɗi. Ga abin da na koya.

Dokar 1947 ta wajabta wa gwamnatin Ingila rubuta gine-gine masu tarihi. In gidanka ya shiga lissafin, ba ka da ikon sake taga ko rushe bango sai da iznin hukumar gari. Wanda ya yi gaban kansa yana iya gurfana gaban alƙali. A farkon shekarun 1970 wata mata a unguwar nan ta shafa wa ƙofarta rawayan fenti, magana ta kai har gaban minista kafin a ƙyale ta.

Saboda haka mai hankali yakan kira gwanin gini ya duba rufi da danshi kafin ya biya. Yakan kuma nemi takardun izni, don gyaran da tsohon mai gida ya yi a ɓoye, sabon mai gida ake sa wa ya warware shi da kuɗinsa.

'Yan'uwa, wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Mai irin gidan nan amana ya karɓa.