Yadda Za Ka Haɗa Littafin Atisayen Kimiyya da Wayarka Don Taimaka wa Ƙannenka

Yawancin yaran firamare da na ƙaramar sakandare suna karanta kimiyya ba tare da sun taɓa shiga ɗakin gwaji ba. Malami zai rubuta ma'anar haske ko sauti a allo, yara su kwafe, su haddace, su zuba a jarabawa. Idan aka juya tambayar kaɗan, sai yaro ya rasa ta cewa. Littafin atisaye, wato wanda yaro ke rubuta amsa da zane a cikinsa, yana rage wannan matsala. Wayar da ke hannunka kuma za ta iya zama kayan gwajin da makarantar ba ta da su.

Me ya sa takarda ba ta mutu ba?

Kallon bidiyo yana da daɗi, amma yaro zai iya kallon minti goma ya ɗauka ya gane, alhali bai gane ba. Sai ya ɗauki biro ya zana sassan fure ko ya cike tebur da hannunsa ne za a ga inda ya tsaya. Saboda haka tsarin da ya fi aiki shi ne waya ta nuna, yaro ya gwada, sannan ya rubuta abin da ya gani a littafi.

Kafin ka saya ko ka sauke

A Najeriya hukumar NERDC ce ke tsara manhajar karatu, kuma ɗan JSS3 zai zauna jarabawar BECE. Don haka duba jerin darussan littafin ka gwada da abin da ke cikin littafin rubutun yaron na wannan zango. Littattafan Amurka da ake samu kyauta a intanet suna da kyau, amma akwai tarko. Da yawa suna auna zafi da Fahrenheit, tsawo da inci, alhali a nan Celsius da santimita ake koyarwa. Darasin yanayi kuma zai kawo dusar ƙanƙara, ba damina da rani da hunturu ba. Ɗauki shafukan da suka dace, ka bar sauran. Kuma ka tabbata akwai amsoshi a ƙarshe, don ka iya duba aikin.

Manhajojin da za su yi maka amfani

PhET: Carl Wieman, wanda ya ci kyautar Nobel a 2001, ya kafa shi a Jami'ar Colorado a 2002. A shafinsu yaro zai haɗa batir da waya da ƙwan lantarki a fuskar waya, ya ga ƙwan ya kama ko bai kama ba. Kyauta ne a burauza.

Phyphox: Jami'ar RWTH Aachen ta Jamus ce ta ƙirƙire shi. Yana amfani da na'urorin da ke cikin wayarka wajen auna sauti, motsi da haske, kuma gwaje-gwajensa ba sa buƙatar data. Sai dai ƙananan wayoyi ba su da dukkan na'urorin, don haka wasu gwaje-gwajen ba za su buɗe ba.

CK-12: gidauniya ce ta Amurka da ke ba da littattafan kimiyya da atisaye kyauta.

Nigeria Learning Passport: Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar da shi a 2022 tare da UNICEF da Microsoft. An gina shi a kan manhajar Najeriya, kuma akwai darussa da Hausa.

Gwajin da za ku yi yau

Nemo zare da ƙaramin dutse. Ɗaure dutsen, ka rataye zaren a ƙusa, tsawonsa ya zama mita 1. Ja shi gefe kaɗan ka sake. Yaro ya ƙirga zuwa da dawowa sau 10, kai kuma ka riƙe agogon waya. Za ku samu kusan daƙiƙa 20. Rage zaren zuwa santimita 25, za ku samu kusan daƙiƙa 10. Yanzu ka tambaye shi: idan muka sa dutse mai nauyi fa? Bari ya rubuta hasashensa tukuna. Yara da yawa za su ce zai fi sauri. Da an gwada za su ga lokacin kusan bai canza ba, domin tsawon zaren ne ke da tasiri, ba nauyin dutsen ba. Tebur ɗaya mai layi uku a littafinsa ya isa, kuma ba zai manta wannan darasin ba.

Abin da za ka kiyaye

Kada ka sauke manhaja daga liƙau ɗin da aka turo a guruf ɗin WhatsApp. Tsaya a Play Store ko shafin masu manhajar. Idan za ka miƙa wa yaro waya, kunna tsarin kulle fuska a manhaja ɗaya da ke cikin saitin Android, don kada darasi ya koma TikTok. Kada kuma ka bari ya ɗauki hoton tambaya ya tura wa ChatGPT ya kwafe amsa. Littafin zai cika, kan yaron kuwa babu komai, kuma ranar jarabawa babu waya a aji.

Ba sai ka buga littafi gaba ɗaya ba. Zaɓi shafi biyar na darasin makon, ka kai shagon fotokwafi, ka haɗa su da abin maƙala takarda. Minti 30 sau biyu a mako, bayan la'asar ko ranar Asabar, ya ishe ku farawa.