Karfasa A Kasuwannin Yawunde: Wacce Ake Saye, Kuma Ta Yaya Ake Kama Ta?

Duk wanda ya sauko daga babban masallacin Tsinga da yamma ya ratsa ta Briketeri, unguwar Hausawan Yawunde, ƙamshi biyu ne zai tare shi: na tsire da na gasasshen kifi. Cikin kifin da ake gasawa akwai wanda mutanen nan ke kira "karp" da Faransanci. Mu a wajenmu karfasa ce, wasu kuma su ce gargaza. Sai dai karfasa iri-iri ce, kuma ɗan kasuwar da bai san bambancinsu ba yana iya biyan kuɗin babba ya ɗauki ƙarama.

Wadda ta fi daraja ita ce karfasar Nilu. A wutsiya ake gane ta. In ka buɗe wutsiyar za ka ga zane-zane baƙaƙe a tsaye, jere da juna kamar an ja su da alƙalami. Ita ce mai saurin girma, mai tsoka, kuma ita masu kiwon kifi ke nema. Macen tana ɗaukar ƙwanta a baki har su ƙyanƙyashe, shi ya sa masunci kan cire ta daga raga ya ga tana tofar da 'ya'ya. Ta biyu ita ce mai jan ciki, wadda ƙirjinta da cikinta ke yin ja, da baƙin ɗigo a ƙarshen ƙayar bayanta. Wannan a ƙasan ruwa take yin sheƙa, uwa da uba na gadi, kuma ba ta cika girma ba. Akwai kuma fara mai faɗi da ɗan ƙaramin baki.

A kudu maso gabashin Amurka ma akwai wani kifi mai kama da ita, mai ja a gefen marfin kunne, wanda dodon koɗi ne abincinsa. Kamanni ne kawai, dangi daban ne.

Karfasar cikin gida da ke isowa Yawunde da yawanta daga madatsun ruwa take fitowa: Lagdo a kan kogin Binuwai kusa da Garwa, wadda 'yan Sin suka kammala a 1982, da tafkin Maga na 1979, da Mbakaou kusa da Tibati, da Mape. Sabuwa a cikinsu ita ce Lom Pangar a Gabas, wadda ta janyo masunta daga Arewa bayan ta fara cika a 2015.

Karfasar Nilu ba ta cika damuwa da ƙugiya ba, don gansakuka da ƙananan tsiron ruwa take ci. Da kalli ake kama ta, ko birgi a bakin gaɓa da sassafe, ko gura da aka sa wa dusa. Mai jan ciki kuwa takan cafki tana, ita ce yara ke kamawa da fatsa. Abin da muke ganin ya fi cutar da sana'ar shi ne raga mai ƙananan idanu, har da gidan sauro da wasu ke ja. Ƙananan da aka kwashe bana su ne kwandunan da fatake za su rasa baɗi.

Ga mai saye, ta kwali da ake shigowa da ita daga Sin a daskare kusan girmansu ɗaya duka. Ɗanya ta gida kuwa sai ka ɗaga marfin kunnen: ja ya kamata ka gani, ido garau, in ka danna tsokar ta dawo. Banda ce mai wuya, domin hayaƙi yana rufe zanen wutsiya. Muna ba da shawara a zaro daga tsakiyar kwando a karya, a duba ƙwaro, a sunsuna ko an fesa mata maganin ƙwari.

Fataken Kusiri da Mubi da Kye-Ossi su riƙa lissafi da cewa hukumar kamun kifi ta Kamaru takan rufe su a Lagdo da Maga a tsakiyar damina don kifi ya hayayyafa. A watannin nan sabon kaya kan yi ƙaranci, bandar da ke kasuwa kuma yawanci ajiyar bazara ce.