Batirin da ke gadin ƙofar masallaci

Tun bayan harin da aka kai Babban Masallacin Juma'a na Kano a watan Nuwamban 2014, na'urar gano ƙarfe ta zama ruwan dare a ƙofofin masallatai da majami'u da makarantu. Abin takaici, kwamitoci kan sayi na'urar da tsada, sannan su yi ƙwauron batiri, alhali na'urar da batirinta ya mutu shiru take yi ko bindiga ce ta wuce.

Yawancin na'urorin hannu batiri mai bolt 9 suke ci. Irin wanda ake yi wa caji, NiMH, ko da an rubuta 9 a jikinsa, wani 7.2 ne, wani 8.4, wani 9.6. A karanta ƙananan rubutun, a fifita 8.4 in littafin na'urar ya amince. Cikinsa kuma ƙarami ne, da ƙyar yake kai rabin na alkalin, saboda haka NiMH da ke iƙirarin mAh 1,000 abin tuhuma ne.

Tsohon samfurinsa kan zubar da caji ko yana ajiye, zafin bazara kuwa ya ƙara masa gaggawa. A nemi mai riƙe caji guda biyu, ɗaya a aljihun ɗan agaji. Kafin masallata su taso, ya gwada na'urar a kan makulli.