Yaran da aka haifa mata-maza: a kai su likita kafin aska ta taɓa su

Daga Tasawa har Mayahi, in mace ta sauka, tambayar farko da ke fitowa daga bakin ƙofa ita ce: "Me aka samu?" Wani lokaci ungozoma takan duba, ta sake dubawa, ta rasa abin faɗa. Sai tsofaffin gida su yi ƙus-ƙus, a zaɓi suna kafin kwana bakwai, a binne maganar. Yaron kuwa da ita zai girma, da ita zai shiga lakkol.

Addini bai ɓoye wannan zance ba. Duk wanda ya sauke Muhtasar na Shehu Halil a zaure ya san da hukuncin gadon hunsa, wato mata-maza, littafin ya rufe: in an kasa tantancewa, a ba shi rabin kason namiji da rabin na mace. Wanda shari'a ta ware wa rabo, me zai sa mu ce aikin iska ne ko sammu?

Abin da ya fi gaggawa yana cikin makonnin farko. Akwai wani ciwo da ake gadonsa ta wajen uwa da uba duka, mai taɓa wasu ƙananan gaɓoɓi biyu da ke zaune bisa ƙoda. A duniya yakan sami kusan jariri 1 cikin 15,000, kuma auren zumunci, da muke yi ba kama hannun yaro, yana ƙara yiwuwarsa. Jaririya mace sai ta zo da gaba mai kama da na namiji, amma in an laluba ba a jin ƴaƴan maraina. Jikinta yakan zubar da gishiri ta fitsari. A mako na biyu ko na uku sai ta ƙi nono, ta yi ta amai, maɗiga ta faɗa, jiki ya saki. In aka tsaya jiƙe-jiƙe da turare, rai na iya tafiya cikin kwanaki kaɗan, alhali maganin ƙwaya ce da ake sha kullum. Tun 2006 gwamnati ta ce duba yaro ɗan ƙasa da shekara 5 kyauta ne. Kowa ya san wani lokaci sai ka sayi magani da kuɗinka, amma hakan ba hujjar zama gida ba ce.

Sai batun wanzami. Kada a bari ya "gyara" komai a gaban jaririn da ake shakka a kansa. Haka yaron da kafar fitsarinsa ta fito ta ƙasa maimakon tsini: kada a sa shi layin ƴan kaciya in sanyi ya shigo, domin da wannan fatar likita kan yi gyaran.

Wasu kuma ba a ganewa sai balaga ta zo, suna aji shida ko farkon kwaleji. Wadda aka rena a matsayin mace, shekara 12 ko 13 sai murya ta buɗe, ƙirji bai fito ba. Wata ta kai 16 ba ta ga al'ada ba. Nan ne wahalar gaske take. Yaro ya daina shan ruwa da safe don kada fitsari ya kama shi a makaranta. Ya ƙirƙiro ciwon ciki ranar wasan motsa jiki. In an tashi, a bi shi da waƙar tsiya har ƙofar gida, ana "mata-maza" ko "ɗan daudu". Wata rana ya ajiye allo da littafi, iyaye su ce ƙiwuya ce, a ɗauko tsumagiya. Mafi muni shi ne a yi wa yarinya aure da gaggawa wai ko za ta daidaita. Auren ya mutu cikin mako guda, sirrin da aka ɓoye shekara goma sha ya zama hirar bakin rijiya. (Kumburin nono da ke fito wa samari da yawa lokacin balaga daban ne, galibi yakan baje da kansa.)

Hanyar a bayyane take: daga likitar gari zuwa asibitin Tasawa ko na Mayahi, su kuma su tura Maraɗi, Damagaram ko Yamai, inda za a yi awon jini da hoton ciki. Likitoci da yawa a yau suna ba da shawarar kada a yi gaggawar tiyatar da ba ta ceton rai ko lafiya ba ce, har yaro ya yi wayon da za a ji ta bakinsa. Wannan shawara ce mai kyau. Shi ke zaune cikin jikin, kuma abin da aka yanke ba ya dawowa. In bincike ya nuna an yi kuskure ranar suna, takardar haihuwa ana gyara ta gaban alƙali, da shaidar likita.

Malaman makaranta, in uba ya zo ya faɗa muku irin wannan sirri, ku riƙe shi a bakinku, ku bar yaron ya zaga bayi shi kaɗai, ku tsawata wa masu yi masa waƙa tun ranar farko.